Kwamfutar Auta Ta Koma Waya

Ranar da ya fara ganinta, tana tsaye ne a bayan teburinta, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da maus na kwamfuta kamar mai neman wanda za ta jefa.

"Kai ne ka yi wannan aikin?" ta ce, tun kafin ta gama amsa sallamarsa.

Shagon mahaifinta ne, inda ake buga takardu da katunan gayyata da ayyukan ɗalibai. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake kiranta, kuma ita ce mai bugun rubutu a shagon. Shi kuwa mai gyaran kwamfuta ne, ana ce masa Injiniya. Shi ya ba Abbanta shawarar sayen sababbin kwamfutoci masu fuskar da ake taɓawa, shi ya zo ya haɗa su jiya bayan ta tashi daga aiki.

"Ni ne," ya ce yana murmushin wanda ke jiran yabo.

"To ina fayilolina? Na kunna na tarar da akwatuna, ja da kore da shuɗi, kamar kantin alewa."

"Sabon tsari ne. Da yatsa ake taɓawa, kamar waya. Kin gani?" Ya miƙa hannu ya shafi fuskar kwamfutar, akwatunan suka zame gefe.

Ta dube shi, ta dubi kwamfutar.

"Malam, in waya nake so, ai ga ta nan a jakata."

Yana da amsa, ya sha ba mutane ita. Amma da ta ɗago ido ta kafe shi da su, sai ya neme ta ya rasa. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ita kuma ta ɗauka bai san aikinsa ba ne.

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa.

"Salam. Auta ce ta shagon buga takardu. Don Allah ta ina ake kashe abin nan? Kowa ya tafi ya bar ni."

"Ki kai maus can kusurwar dama, ki ɗan jira, wani abu zai leƙo."

"Na kai. Ba wanda ya leƙo."

"To ga ni nan, ni zan leƙo."

Ta karanta ta ja tsaki, sannan ta kama kanta tana gyara ɗankwali a madubin wayarta.

Daga ranar Injiniya ya zama ɗan gida a shagon. Kullum da abin da zai kawo shi, kullum kuma sai sun yi musu.

"Dubi nan," in ji Auta wata rana. "Da can takarda biyu nake buɗewa gefe da gefe, ina duba wannan ina buga wancan. Yanzu ko 'yar wasiƙa na buɗe sai ta cinye allon gaba ɗaya. Ga kafaɗata kamar za ta cire don miƙa hannu. Ga shatin yatsu ko'ina, na koma mai goge gilashi."

"Sabo ne, Gimbiya. Yaran da ke tasowa ba su san maus ba, yatsa suka sani."

"Su zo su buga shafi ɗari da yatsa mu gani. Kuma wa ya ce ka kira ni Gimbiya?"

"In daina?"

Ta mai da kanta ga kibod. "Ni ban ce ba."

Shi ma wata rana ya samu tasa nasarar. Wata dattijuwa ta zo zaɓar katin gayyata, ta ce ita ba ta taɓa kusantar kwamfuta ba. Ya juyo mata da allon, ta sa yatsa tana ture hotuna ɗaya bayan ɗaya, tana dariya kamar ƙaramar yarinya, har ta zaɓi wanda take so ba tare da taimakon kowa ba. Ya waiwayo ya ɗaga wa Auta gira. Ta yi kamar ba ta gani ba, amma abin ya tsaya mata a rai.

Kan Auta ya kulle. Ta tsani akwatunan nan, amma duk ranar da suka yi aiki lafiya lau sai ta ji ranar ta yi mata tsawo. Injiniya ma bai fi ta sanin inda ya dosa ba. A gabanta yana kare sabon tsari da iya ƙarfinsa, in ya koma ɗan shagonsa kuwa sai ya ga hannunsa ya lalubo maus da kansa. Abu ɗaya ne ba ya shakka a kai, ya kuma rubuta mata shi:

"Gimbiya, zancen kwamfuta ba na da tabbas kamar yadda nake nunawa. Zancenki kuwa ina da shi. Ina son ki."

Amsar ba ta zo ba sai washegari.

"Na karanta har na haddace. Ni ma, Nawan. Amma akwatunanka ba su shiga ciki ba."

Akwai wani da wannan zirga-zirga ba ta yi wa daɗi ba, wato saurayin da ke kawo wa shagon tawada da takarda. Ɗan aminin Abba ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye bai furta ba. Shi ya fara raɗa wa Abba cewa da gangan Injiniya ya rikita kwamfutocin, don ya samu hanyar zuwa kullum.

Abba bai ɗauki maganar ba sai ranar da wani malamin makaranta ya kawo tambayoyin jarrabawa a buga masa. Yana tsaye a kan Auta yana dubawa, sai ya kai yatsa kan allo ya ce, "Nan ki gyara." Yatsan ya ja, shafin ya ɓace, akwatuna suka bayyana. Ya sake dangwalawa don ya dawo da shi, wani abu dabam ya buɗe. Kafin Auta ta ce ya dakata, rabin aikin ya tafi. Malamin ya kwashi takardunsa ya fita yana faɗa, ya ce ba shi ba shagon.

A satin ne Umma ta sanar da Abba cewa yaron yana son turo manyansa.

"Wane yaro? Mai akwatuna?" Abba ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Mutumin da bai bambanta abin tebur da abin aljihu ba, shi zan ba wa 'yata? Ya rikita min shago, yanzu gida yake nema? Kar in ƙara ganin ƙafarsa."

"Alhaji, ai kai ka kawo shi."

"To ni na kore shi."

Auta ta shige ɗaki ta rubuta masa duk yadda aka yi. Ya amsa da cewa, "Ki yi haƙuri, Gimbiya. Ba ni ɗan lokaci in yi tunani."

Tunanin da ya yi kuwa na aiki ne. Ya rufe shagonsa ya zauna a tebur, ya ɗauko wani tsohon littafi ya ce sai ya buga shi kamar yadda Auta ke yi, da sabuwar manhajar nan mai akwatuna, ba tare da ya taɓa maus ba. Kafin la'asar wuyansa ya sage, kafaɗarsa ta yi tsami, ya goge allo har ya gaji. Ya jingina da kujera. Sannan ya ɗauki waya ya rubuta wa Abba, cikin sauri, don kar ƙarfin halinsa ya gudu:

"Baba, barka da yamma. Na yi tunani, gaskiyarku ce, ba ta dace ba. Na haƙura da ita, zan koma wa tsohuwar. Gobe zan zo mu yi magana."

Abba ya karanta a falo, tabarau a kan hanci. Da farko ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Ya sake karantawa, sai fuskarsa ta sauya.

"Ke, zo ki ji," ya kira Umma. "Wai ba ta dace ba. Auta ce ba ta dace ba? Wai zai koma wa tsohuwar. Da ma yana da wata?"

"Ba kai ka ce ba ka son sa ba?"

"Ni in ce ba na so, wannan dabam! Amma shi ya ce 'yata ba ta dace ba?"

Auta na bakin ƙofa, ta ji komai. Ta koma ɗaki ta rubuta wa Injiniya:

"Na ji saƙonka. Allah ya ba ku zaman lafiya kai da ita."

Amsa ta zo nan take.

"Amin, Gimbiya, na gode da kika fahimta. Ke ma za ki ji daɗin dawowarta, ai kin saba da ita."

"Ni? Ni na saba da ita?"

"Sosai ma. Ke ce kullum kike ce min ta fi hankali."

Ta zuba wa wayar ido. Ta lissafo ƙawayenta, ta lissafo 'yan uwa, ta rasa wacce ta taɓa yabo a gabansa. Ta kashe wayar ta kifa fuska a filo. Shi kuwa can yana ta kira yana jin ta a kashe, ya rasa laifin da ya yi, tunda a ganinsa yau ne ma ya yi abin kirki.

Da safe ya iso shagon da jakar kayan aikinsa. Abba na zaune a bakin kanta ya haɗe rai. Mai tawada na gefe yana sauke kwalaye a hankali, don kar labari ya wuce shi. Auta na teburinta, idanu a kumbure, ta ƙi ɗagowa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Ka ce za ka koma wa tsohuwa."

"E, Baba. Na ma zo da ita."

Auta ta ɗago da sauri ta dubi ƙofa. Abba ma ya leƙa. Ba kowa.

"Tana ina?"

"Tana cikin jaka."

Mai tawada ya saki kwali a ƙasa.

"Yaro," in ji Abba a hankali, "kana da lafiya kuwa?"

Injiniya ya zuge jaka ya fito da ɗan faifai. "Ga ta. Tsohuwar manhajar. Kafin azahar zan mayar wa Auta da ita, da fayilolinta a inda ta saba ganin su." Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. "Ko ba ita ake nufi ba?"

Auta ce ta fara ganewa. Ta toshe baki da hannu, dariya da kuka suka haɗe mata, ta rasa wanda za ta fara. Abba ya ciro waya ya sake bin saƙon kalma bayan kalma, leɓunansa na motsi. Da ya kai ƙarshe sai ya cire tabarau ya shafa fuska.

"Wato ba 'yata ka haƙura da ita ba."

"Auta?" Faifan ya kusa suɓuce masa. "Baba, wallahi ko a mafarki! Ni da nake neman hanyar da za ku yafe min?"

Ya gyara tsayuwa ya ci gaba. "Na zauna jiya na yi irin aikinta da hannuna. Wanda ke tsaye yana zaɓar hoto, yatsa ya ishe shi. Wanda zai wuni a zaune yana rubutu kuwa, kibod da maus ne nasa. Ni na ɗauka abin da ya yi kyau a waya dole ya yi kyau a ko'ina. Na yi kuskure, na jawo muku asarar mai ciniki. In kun yarda, a bar guda ɗaya a kan kanta don masu zaɓar kati, sauran a mayar da su yadda suke."

Auta ta share ido ta ce, "Ta kan kantar a bar ta, Abba. Tana da amfani."

"Au, yanzu kuma ke ce mai kare ta?" Abba ya dubi wannan ya dubi wancan. "Ni kun gama rikita ni."

Mai tawada ya matso. "Baba, ni dai da ma na faɗa muku..."

"Kai kuma kwashe kwalin da ka yar."

Abba ya daɗe yana juya wayar a hannunsa. Daga baya ya gaya wa Umma cewa abin da ya ba shi mamaki ba yaron ba ne, kansa ne: mutumin da ya kora da bakinsa, ga shi ya kwana da baƙin cikin wai ya tafi. Ga Injiniya kuwa cewa ya yi, "Yi aikinka tukuna. In ka gama, ka ce wa manyanka ina gida."

Ba a daɗe ba aka ɗaura aure. Auta da kanta ta buga katin, Umma ta zaɓi adonsa. Mai tawada ya zo, ya gaisa da ango hannu bibbiyu, har ya fi kowa yawan ɗaukar hoto.

Da za a tafi da amarya, Abba ya riƙe hannun ango ya ja shi gefe.

"Ga amana nan na ba ka. Ka riƙe gaskiya kamar yadda ka riƙe ta ranar nan, ko da a kanka za ta faɗa. Sannan don girman Allah, in za ka rubuta min saƙo, ka riƙa kiran kowane abu da sunansa."

Ango ya sunkuyar da kai yana dariya. Auta, da ke kuka a kafaɗar Umma, ita ma sai da ta murmusa.

Abba ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku haƙuri da juna, ya sa ku fahimci juna ko da baki ya gaza, ya ba ku zuri'a ta gari."

Duk gidan aka amsa da amin.