Tukwanen Waken Auta

Gari bai gama wayewa ba Auta ta fito da jaka a kafaɗa, ta tarar da Inna zaune a bakin ƙofa.

"Ina kuma za ki da sassafen nan?"

"Makaranta, Inna. Awon shuka."

"Shukar nan mai dogayen ƙafafu ko?"

Auta tana ajin ƙarshe a sashen aikin gona na jami'ar garinsu. Aikinta na kammalawa, wato project, tukwane arba'in ne na wake a ɗakin gilashi na rainon shuka. Kullum ƙarfe shida sai ta auna tsayin kowace shuka ta rubuta, har kwana sittin ba fashi. Dogo ɗan ajinsu ne mai sonta, tukwanensa na kusa da nata. Wata maƙwabciya mai shara a jami'ar ce ta kawo wa Inna labari, wai ta gan su durƙushe kai da kai.

"Shekara talatin na yi ina noma," in ji Inna, "ban taɓa ganin waken da ake gwada wa tsawo kamar za a ɗinka masa riga ba. Ajiye jakar nan."

"Inna, wallahi in na yi fashi project ɗina ya lalace."

"Ya lalace ɗin. Gara shi da mutuncinki."

Sati biyu Auta ba ta taka waje ba. Dogo ya zo ya durƙusa har ƙasa, Inna ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. Sai da kawunta ya sa baki aka bar ta ta koma.

Ta tarar da waken shar, don Dogo na ba shi ruwa. Amma mai kula da ɗakin bai yarda wani ya auna shukar wani ba, shafi goma sha huɗu na littafinta fari fat.

"Dogo, taimaka mu cike, wa zai sani?"

"Mu biyu za mu sani. Ruwa na iya ba su, Auta, ƙarya kam ba zan rubuta miki ba."

"To riƙe gaskiyarka, malam."

Malaminsu ya ce sai ta maimaita shekara. Wata uku ba ta yi wa Dogo magana ba. Ranar da 'yan ajinsu suka sa rigar kammalawa, tana kwance fuskarta na kallon bango. Inna ta leƙo har sau uku tana komawa.

Da aka koma makaranta, Inna ta yafa mayafi ta bi Auta ɗakin gilashin. Ta zauna a kan benci, ta ga yara birjik kowa na duƙe kan tukunyarsa, babu mai kallon wani.

"Ashe da gaske auna shi kuke yi," ta ce a hankali.

Dogo ya sami aiki, ya jira. Da ya dawo gaisuwa, Inna da hannunta ta shimfiɗa masa tabarma, don Auta ta ba ta labarin littafin, ta ce wanda ya ƙi yin ƙarya saboda 'yarta ba zai yi wa 'yarta ƙarya ba. An yi auren bayan Auta ta gama.

Haƙuri ya biya su, amma shekarar nan ba ta dawo ba. Iyaye, ku tsare 'ya'yanku, wajibi ne. Sai dai kafin ku rufe ƙofa a kan maganar maƙwabta, ku taka da ƙafarku ku je ku gani.