Gansakuka a Akwatin Kyari

A Zango, idan aka ambaci Kyari na farmasi, kowa da abin da zai ce. 'Yan kabu-kabu sun ce shekara ukun da ya yi yana aiki a Kwatano ce ta taɓa masa kai. Matan layin famfo sun ce yaro ne mai ladabi, sai dai Allah ya jarrabe shi da kifi. Mahaifiyarsa Ya Kellu kuwa cewa take, da a ce kifin nan miya yake shiga, da hankalinta ya kwanta.

Abin da suke magana a kai wani akwatin gilashi ne da bai fi cin bido uku ba, wato jarka uku ta ruwa, yana ajiye kusa da bencin masu jira. Ruwan ciki shi yake tacewa da kansa, ya haɗa da gishirin teku da ake aiko masa daga Kwatano. Kifi biyu ne masu ruwan lemo da farin zane, sai 'yan duwatsu masu rami-rami. A shekarar da gero ya ƙone a gona kafin ya fid da kai, mutanen Zermu da Takieta suna shigowa gari da kayansu a ka, famfo yana kwana huɗu bai ɗigo ba, akwatin nan ya zama abin zunɗe.

A gabansa Sakina ta fara tsayawa. Ta rako mahaifinta Alhaji Alkasum ne, Bakano mai sayar da yadi, wanda likita ya ce a riƙa auna masa tansiyo, wato hawan jini, kowace safiya.

"Waɗannan ana cin su?" ta tambaya.

"Ba a ci."

"To me suke yi?"

"Iyo," in ji Kyari.

Ta dube shi, ta dubi kifin. "Sannu da kiwo, Sarkin Ruwa."

Sunan da ta riƙe ke nan. Kafin wata biyu ta san ba a ba su abinci sai abin da kan tsinke ya ɗauka, shi kuma ya san ba ta son a yi mata magana sau biyu. Da yamma mesaji yakan shigo portabul ɗinsa, wayarsa ta hannu: "Sarkin Ruwa, talakawanka sun ci abinci, ko yau ma azumi suke?" Ya amsa: "Sun ci, Kina. Ni ne ban ci ba, tunda kika tafi ba sallama."

Da Kyari ya tura kawunsa neman aurenta, Alhaji bai ɓoye ba.

"Mutane na layin ruwa tun asuba, shi yana tace ruwa yana ɓata shi da gishiri. In ba shi 'yata ta sha me? Ga Muntari nan da motar ruwa, shi ma ya yi magana."

Kyari ya so ya ce bido ɗaya ne a sati, kuma daga ruwan wankansa yake ragewa. Babu wanda ya tambaye shi.

Ana cikin haka gansakuka ta ɓullo. Ba irin ta tafki ba, wannan siririya ce kamar gashi, kore shar, tana fitowa daga jikin dutse tana kaɗawa. Ya tsige da hannu, bayan kwana uku ta dawo ta fi da. Ya rage hasken fitila, ya goge duwatsu da buroshin haƙori, a banza. Kifayen suka koma lungu suna ɗaga baki sama. Kullum Alhaji zai zauna a benci ya ce, "Malam mai tafki, yaushe za a fara noman shinkafa?"

Kyari ya kira abokinsa na Kwatano. Aka ɗoro masa a mota dodon koɗi shida, da ƙananan ƙaguwa masu shiga kwanson wasu, da bushiyar teku ɗaya, da wani mummunan kifi mai ƙaton kai wanda ba shi da aiki sai kiwo a kan dutse. Kwana biyu a hanya, rabin dodon koɗin suka iso a mace. Waɗanda suka rayu suka kama aiki ba hutu, amma suna share nan can na tsirowa. Wani abu yana ciyar da gansakukar, ya rasa ko mene ne.

Ranar da ya buɗe matatar ruwa ya gane. Ga maiƙo, ga ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ya jiƙe ya kumbura.

Washegari Sakina da mahaifinta suna shigowa, ko gaisuwa bai gama ba.

"Sakina, ke ce kike zuba musu ƙuli-ƙuli?"

Bai jira amsarta ba.

"Kullum kina cewa ina sa su azumi. Kin san wahalar da na sha? Idan abu bai shafe ki ba, ki bar shi."

A gaban mahaifinta ya faɗa, da masu jira uku a benci. Ta dubi ƙasa, ta gyara mayafi. "To," kawai ta ce. Daga ranar Alhaji shi kaɗai yake zuwa a kabu-kabu.

Kyari ya daure kwana biyar, sannan ya rubuta: "Bushiyar teku ta cinye gefen dutse ɗaya." Amsa ta zo: "Madalla. Ka gaishe ta." Ya sake rubutawa: "Kina, maganar nan ta wuce mana." Ta ce: "Wace magana?" Ya ajiye portabul ya ja tsaki. A makon nan sau biyu ya ga motar Muntari a ƙofar gidansu.

Abin da ya fi ba shi haushi, gansakukar ba ta san Sakina ta daina zuwa ba. Sai ƙara tsawo take. Ya Kellu ta saurare shi yana mita har ya gaji, ta ce, "Wadda ka kora ta tafi, ciyawa tana nan. Kai dai karatun lakwal kawai ka yi."

Da safe Alhaji ya zo ya zauna. Kyari ya shiga ciki ɗauko na'urar awo kamar kullum, sai dai wannan karon ya tsaya bayan labule. Yana kallo tsohon ya waiga, ya sa hannu a aljihu, ya murtsuke ƙuli-ƙuli, ya ɗaga murfin akwatin.

"Baba."

Alhaji bai ko razana ba. Ya ƙarasa zubawa ya kakkaɓe hannu.

"Shekarar yunwa ce. Rai yana ƙarƙashin rufinka, kana auna masa abinci da kan tsinke. Ni ba zan zauna ina kallo ba."

Kyari ya matso kusa da akwatin. Ya durƙusa ya nuna masa: cikin kifin bai kai ƙwayar gero biyu ba, abin da suka bari yana ruɓewa ne ya zama taki, gansakuka ta samu, ita kuma ta shaƙe su. Ya nuna masa dodon koɗi yana tafiya yana barin farin layi a bayansa.

Alhaji ya daɗe yana kallo. "Wannan ƙaramin shi ya share nan duka?"

"Shi ne, Baba."

"To ya fi Muntari. Shi ya wuce mata ɗari a layi ya kawo ruwa ƙofata ni kaɗai, yanzu maƙwabta ba sa amsa gaisuwata." Ya miƙa hannu a ɗaura masa na'ura. "Sakina kuwa tun ranar farko ta gan ni ina zubawa. Ka yi mata tsawa, ta ƙi ta ce ubanta ne. Ni ma na yi shiru, kunya ta hana ni. Na gyara nawa a gida. Naka fa?"

Kyari ya ɗaura masa na'urar. Ya rubuta mesaji huɗu a ranar, ya goge uku, ya tura: "Na gano gaskiya." Babu amsa.

Sati uku Alhaji yana zuwa hannu rabbana. Ruwa ya washe, duwatsu suka fito, mummunan kifin ya yi ƙiba. Tsohon har ya raɗa wa bushiyar teku suna Hajiya, yana faɗa idan masu jira suka ƙwanƙwasa gilashi.

Ranar wata Litinin suka shigo tare da Sakina. Benci cike, har da mutum biyu cikin waɗanda suka ji tsawar. Alhaji ya zauna, ya yi gyaran murya.

"Ka gaya wa kawunka su zo ranar Juma'a bayan masallaci. Na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya ba mu ruwan sama, ya sa ku fi kifin nan zaman lafiya."

Mutanen benci suka amsa da amin. Kyari ya rasa inda zai sa hannunsa. Sakina tana tsaye tana kallon akwatin, ba ta ce amin ba.

"Baba, ni fa ban ji komai ba tukuna."

"Ni na gama nawa," in ji Alhaji.

Kyari ya laluba aljihu.

"Bar portabul ɗin nan," ta ce. "Ranar ai ba mesaji ka turo ba."

Ya zagayo daga bayan kantar magani. Wata tsohuwa ta janye ƙafarta don ya samu wurin tsayawa. Ya dubi Alhaji, ya dubi benci, sannan ya dube ta.

"Sakina, na ɗora miki laifin da ba naki ba, na kunyata ki a gaban Baba da mutane, kuma na yi wata guda ina kewaye-kewaye. Ni ne na yi kuskure. Don Allah ki yafe mini."