Warin Tafarnuwa a Ɗakin Sef

"Kunna wutar nan, tsoho!"

Gatari ne, ogan ƙungiyar 'yan fashi, ya ɗora wa mai walda bakin bindiga a ƙeya. Rana tsaka, ranar hutu, a ɗakin bayan shagon zinari. Maigadi na kwance a ɗaure. Ga sef, akwatin ƙarfen ajiyar zinari, a jikin bango, ga tukwanen gas biyu da suka jido daga garejin mai waldan.

Ba da son ransa ya zo ba. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya kai su gare shi. Ga shi can bakin ƙofa, ya kasa ɗago ido.

"Yaya, yanka kawai mu fece. Minti goma ne."

"Minti goma, sannan su harbe ni. Na ga fuskokinsu fa, sakarai!"

Shekara talatin yana yanka ƙarfe da gas ɗin asitilin. Su kuwa waɗannan, in ka cire bindiga, kansu fanko ne. Ya durƙusa kamar mai gyara, ya zare tiyo, ya murɗe kan tukunyar har ƙarshe. Fuuu!

Gatari ya yamutsa hanci. "Kai, warin tafarnuwar me nake ji?"

"Gas ne. Ɗakin nan ba taga." Mai walda ya miƙe, ya saita ƙirjinsa da bindigar. Muryarsa ƙalau. "Harba mana, oga! Tartsatsi ɗaya, a buhu za a kwashe mu duka."

"Rufe shi!"

"Na ƙi!"

A waje, wata maƙwabciya da ta ga ana shiga shagon zinari da tukwanen walda ta riga ta buga waya. Jiniya! Direban ƙungiyar bai jira kowa ba, ya ba mota wuta.

"An sayar da mu!" Gatari ya cafki wuyan ƙanin, ya tura shi gaba ya kare kansa, ya fita titi yana harbi. 'Yan sanda suka mayar. Tau! Tau!

Mai walda ya rufe tukunya, ya kwance maigadi, ya fito hannu sama. Gatari na cikin ankwa, ko ƙwarzane babu. Ƙanin ne kwance cikin jini.

"Yaya... ka yafe min."

"Yi min shiru! Ba inda za ka sai ka faɗa wa Inna da bakinka. Ni ba zan kai mata wannan labari ba. Kana ji na?"

Ya girgiza shi. Ya sake girgiza shi. Ina, rai ya yi halinsa. Wani ɗan sanda ya cire hularsa.