Ɗigon da Ba a Gama Aunawa Ba

Ranar da Chinemerem ta shiga shagon Abednego a kasuwar Kafanchan, cajin kwamfuta kawai ya kawo ta. Shi kuwa mai gyaran sola, idonsa ya maƙale a kan ɗige-ɗigen da suka cika fuskar kwamfutar. Ya tambaye ta ko zanen atamfa take yi.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce karatun digiri na biyu ne. Kowane ɗigo tarin taurari ne, kuma su ma garke-garke suke zama. Wanda ke gudu daga gare mu, haskensa yakan karkata zuwa ja. Aikinta ta auna gudun kowanne, ta gane ɗan garke na gaskiya da wanda hanya ce kawai ta bi da shi ta wurin.

Tun daga ranar yake kiranta Ɗigona, ita kuma ta ce da shi Mai Rana.

Da maganar aure ta kai gida, Mama Milka, mahaifiyar Abednego, ta ƙi. Ba ta ga laifin yarinyar ba. Ta dai ce Ibon da aikin layin dogo ya kawo, ko sun shekara hamsin a nan, ranar da suka mutu gabas ake kai su. Wanda bai bar maka gawarsa ba, in ji ta, ba zai bar maka jikoki ba. Ga Zipora mai waƙa a cocinsu, gonarsu na kallon tasu.

Sai mahaifin Chinemerem, tsohon direban jirgin ƙasa, ya rasu. Aka sa akwatin gawar a mota zuwa gabas, ita ma ta bi. Wata uku ba labari. 

Abednego ya rame. Wata safiya ya rubuta: "Ɗigona, in kin yi ja, ki faɗa mini. Zan iya ɗauka."

Kwana biyu sannan amsa ta zo: "Mai Rana, a nan 'yar Hausa suke ce mini, don harshena ya karye. A can kuma 'yar Ibo. Kawunaina sun ce in na auri ɗan arewa ba mai zuwa. Na auna ɗigo ɗari huɗu, na kasa auna kaina."

Ya karanta wa mahaifiyarsa a gindin mangwaro. Ta daɗe tana ɓare gyaɗa. Can ta tambaya, uwar yarinyar fa? Ya ce ta rasu tun Chinemerem tana aji uku, an kai ta gabas ita ma.

"Wato duk shekarun nan, ko kabarin da za ta je ta yi kuka ba ta da shi a garin nan?"

Ta kakkaɓe zaninta, ta ce ya aika mata ta dawo.

Ranar auren, bencinan dangin ango sun cika har waje. Na amarya kuwa tsofaffin ma'aikatan jirgi uku ne kawai, da sandunansu. Fasto ya tambayi wa zai ba da ita. Ba wanda ya tashi. Chinemerem ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan farar rigarta.

Milka ta tashi, ta tsallake zuwa wancan gefen, ta kama hannunta.

"Ni ce. Abednego, 'yata na ba ka. In ka sa ta kuka, da ni za ka yi."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa su tsufa tare.