Takobin Marigayi Anselmo

Sufeto Ceferino Bustos bai ko kai loma ta biyu ba aka buga masa waya. Ranar Lahadi ce, haƙarƙarin saniya na kan wuta a gidan surukinsa, sai ga muryar Kofur Zulma tana cewa an yi sata a wurin masu sulke.

"Me aka ɗauka?"

"Takobi, yallaɓai."

"A wurin da kowa ke rataye da takobi?"

"Wannan daban ne. Na marigayi Don Anselmo ne, ga matarsa nan tana ta kuka."

Duk wanda ya tashi a garin nan namu na gindin duwatsun Córdoba ya san taron. Shekara-shekara manyan mutane da hankalinsu, likitoci da malaman makaranta da direbobin bas, sukan kafa tantuna a makiyayar bakin rafi, su sa ƙarfe tun daga ka har ƙafa irin na mayaƙan da, su yi ta jibgar juna da gatura marasa kaifi. A ganin Bustos ƙoshi ne kawai ya yi musu yawa. Amma Don Anselmo, maƙerin da ya kafa abin, mutumin kirki ne da garin bai manta ba. Sufeto ya ture farantinsa ya ɗauki hula.

Ya tarar da Doña Elvira, matar marigayin, zaune a tantinta gaban wani tebur da babu komai a kai sai hoton mijinta. Ta ce takobin da hannunsa ya ƙera shi, kuma shi kaɗai ne mai kaifi a duk sansanin, don haka ba ya shiga fage. Da aka busa ƙahon karon ƙarshe, 'yan gida biyar da baƙi biyar daga Rosario, kowa ya tafi kallo har da ita. Tana dawowa ta ga wayam.

Mutane ba su jira 'yan sanda ba, suka bazama bincike. A ƙarƙashin buhunan gawayi, wurin gashin nama, suka tono kuben takobin. Mai gashin kuwa Lisandro Cuello ne, wanda ya fito daga gidan yari bara bisa sharaɗi. Kowa ya san sharaɗin: ƙara ɗaya ta shiga kansa, zai koma ya ƙarasa shekarun da suka rage.

"Ba shi ba ne, Ceferino," in ji tsohuwar. "Yaron da ya yi jinyar mijina har ya cika? Yau ɗin nan ma na yi niyyar ba shi takobin a gaban jama'a."

"Ya san da haka, Mama?"

"Bai sani ba."

Bustos ya ce to wannan ba zai wanke shi ba. Bai ji daɗin faɗin haka ba, amma aiki aiki ne.

Lisandro na zaune kan dami na ciyawa, Kofur Zulma tsaye a kansa. Dogo ne siriri, bai wuce talatin ba. A bayansa naman da aka saya don dukan sansanin ya ƙone ƙurmus, abin da a wajenmu ya kusa kai satar takobi muni.

"Ina kake lokacin karon ƙarshe?"

"Rafi na je, yallaɓai."

"Yin me?"

"Wanke fuska."

"Ka bar naman mutum ɗari a kan wuta don ka wanke fuska? Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

Game da kuben, ya ce bai san yadda aka yi ya zo wurinsa ba. Sufeto ya tuna masa abin da ke jiransa in aka kai shi caji ofis, Lisandro ya ce ya sani. Daga nan ya shiga ba da labarin da ba a tambaye shi ba. Ya ce ranar da ya fito ko 'yan'uwansa ba su buɗe masa ƙofa ba, mutanen nan ne suka ba shi wurin kwana da aiki, kuma shugaban ƙungiyar, Fabricio Altamirano, shi ya sa hannu a gaban alƙali ya tsaya masa. Suna koya masa wasan, ko da yake ba a yi masa rajistar shiga fage ba tukuna.

"Abin da suka yi mini, yallaɓai, ban da bakin gode musu. Ba zan ja musu abin kunya ba."

Da aka ce ya tashi ya nuna inda buhunan suke, sai da ya dafa damin, kuma ƙafarsa ta hagu da kyar take taka ƙasa. Ya ce itace ne ya faɗo masa. Bustos ya dubi itacen wurin, duk ƙirare ne da yaro ma zai karya.

Ya bar shi da Kofur ya zagaya wajen baƙin. Sun sha kaye amma ba ka ganewa, suna zaune ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu da ake zuƙa da tsinke, na zagayawa hannu zuwa hannu. Wani ƙato da abokansa ke kira Firiji, malamin firamare ne wai, ya miƙo wa Sufeto ƙoƙon. Ya zuƙa ya mayar, sannan ya tambaya ko sun ga wani abu.

Firiji ya ce ta cikin kwalkwali ko hancinka ba ka gani, balle ɓarawo. Shi abin da ya dame shi daban ne. A wasan nan wanda ya faɗi yakan zauna a ƙasa har a busa ƙaho, sannan waɗanda suka yi nasara su ɗaga su, kowa ya buɗe fuska a rungumi juna. Ba a taɓa tsallake wannan.

"Amma yau Fabricio ya juya mana ƙeya, ko murfin kwalkwalinsa bai ɗaga ba, ya wuce tanti. Shekara nawa muna dukan juna da mutumin nan? Don ya kayar da ni sau ɗaya shi ke nan ya zama sarki?"

"Wataƙila haushi ya ji."

"Ai dole, yallaɓai. Na sauke masa barandami a cinyar hagu, ni kaina sai da na ji a haƙorana. Wanda ya sha wannan, sati zai yi yana tafiya kamar agwagwa."

Abokansa suka kwashe da dariya, wani ya ce duk da haka dai Firiji ne ya ƙare da gindi a ƙasa. Bustos ya yi musu godiyar mate ya tashi.

Tantin Fabricio shi ne mafi girma, da tutar ƙungiya a ƙofa. Likitan haƙori ne, mai faɗin ƙirji da ɗan tumbin da shekaru arba'in kan kawo. Ya taso da sauri ya tarbi Sufeto, har ya tsallake wani akwati don ya jawo masa kujera.

Ya ce zuciyarsa ta karaya, shi da ya tsaya wa yaron. A tambayi kowa, shi yana cikin fage lokacin, mutum dubu sun ga rigarsa mai ja da fari. Rashin gaisawa da baƙi kuwa, zafi ne ya hau masa kai, sai da ya zo ya cire ƙarfen ya sha iska.

Sulken na rataye a jikin sanda, lifidin da ake sawa a ƙarƙashinsa jiƙe sharkaf da gumi. Bustos ya toshe hanci ya duba. Ƙarfen cinyar hagu ya lotsa, har ɗan yatsa na iya kwanciya a ciki. Ya juya na ƙirji ya bi maɗauran fata da hannu. Kowanne yana da hujin da ya yi baƙi saboda yawan amfani, can gaba da shi kuma ga wani sabo fil, fatar gefensa fara tas.

"Yaushe aka huda waɗannan?"

"Kwanan nan. Na ɗan rame."

Sufeto ya dubi tumbin. Ya leƙa waje ya ce wa Kofur Zulma ta kawo Lisandro, ta kuma roƙi Doña Elvira ta zo.

Da suka hallara, ya ce shi bai san komai a wasan nan ba, amma ya san duka. Ya nuna ƙarfen da ya lotsa, ya ce cinyar da ke ƙarƙashinsa ɗazu ba za ta ɓoyu ba. Ya nemi gafarar tsohuwar, sannan ya ce kowannensu ya naɗe wandonsa na hagu.

Fabricio ya ce wannan wulaƙanci ne, shi ba wanda ake zargi ba ne. Bustos ya ce to a yi a ofis gaban likita. Da Fabricio ya ga ba makawa ya naɗe. Cinya lafiya lau, ko cizon sauro babu.

Lisandro bai motsa ba.

"Naɗe, ɗana," in ji Doña Elvira.

Ya naɗe a hankali. Tun daga gwiwa har kusan kwankwaso fatar ta yi baƙi-baƙi ta kumbura, sai da tsohuwar ta kau da kai.

"Wa ya ɗaura maka sulken?" in ji Sufeto. "An ce mutum ba ya iya ɗaure na baya da kansa."

Lisandro ya sunkuyar da kai, Sufeto ya ci gaba.

"Lisandro, tunda kana cikin fage, ba kai ka shiga tantin Mama ba. Wanda ya san babu kowa a wurin gawayinka shi ya kai kuben. Mutum ɗaya ne ya san haka."

A nan ne abin ya shiga kan saurayin. Ya juya ya dubi Fabricio, ba da fushi ba, kamar dai yana jiran a ce masa ƙarya ne. Sannan ya faɗi yadda aka yi. Fabricio ya kira shi gab da busa ƙaho, ya ce kafaɗarsa ta goce, in bai fita ba ƙungiya ta faɗi. Ya sa masa sulkensa, ya ce kada ya yi magana, kada ya buɗe fuska, kuma kada ya gaya wa kowa har abada, don in alƙalan wasa suka ji mara rajista ya shiga, za a kore su duka.

"Na ɗauka taimakonsa nake yi," ya ce.

Fabricio ya zauna a kan akwatin da ya tsallake ɗazu. Bai yi wata gardama ba. Ya ce ya rufa da doguwar riga mai hula irin ta limaman coci ya fita ta bayan tanti, takobin kuma na cikin motarsa, a jakar barandami.

"Me ya sa?"

"Tun ina ɗan sha bakwai nake hura wa Don Anselmo wuta a maƙera. Ni na ɗauki akwatin gawarsa. Jiya Mama ta kira ni ta ce ni zan yi sanarwa cewa takobin na wannan ne, wanda ya zo bara." Ya share fuska da tafin hannu. "Na san ba zai tona ni ba. Shi ya sa na zaɓe shi."

Doña Elvira ta dube shi ta daɗe. Ta ce da ya buɗe baki ya ce yana so, da sun zauna sun yi magana kamar uwa da ɗa. Daga nan ta juya ta fita.

Kofur Zulma ta ɗauko takobin daga mota, ta dawo ta sa wa likitan ankwa. Kafin su fito labari ya gama sansanin, alƙalan wasa har sun soke nasarar 'yan gida sun ba baƙi. Ba wanda ya yi murna, ba kuma wanda ya yi ihu. Mutanen da ɗazu suka tono buhunan gawayi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba Lisandro haƙuri, yana ta cewa ba komai.

Ya ɗingiso har bakin motar 'yan sanda ya kama hannun Bustos da hannu biyu. Ya ce da ba don shi ba, yau a bayan kanta zai kwana, kuma Allah kaɗai ya san ranar fitowa. Sufeto, wanda godiya ke sa shi jin kunya, ya ce ya je ya sa ƙanƙara a cinyar, kuma nan gaba in zai rufa wa mutum asiri ya fara tambayar asirin mene ne.

Saurayin ya nemi izinin magana da wanda ke cikin motar. Kofur ta sauke gilashi. Fabricio bai ɗago kai ba.

"Likita, abin da ka yi yau, kai da Allah. Amma ranar da ba wanda ya yarda ya sa mini hannu, kai ka sa. Wannan ba ta goge ba. In ka fito kana neman wanda zai tsaya maka, ka aiko."

Fabricio ya fara kuka. Bustos ya shiga gaba ya rufe ƙofa, ya ce wa Kofur ta ja mota.