Ranar da Aka Ɗauke Farantin Maijidda

"Maijidda, ga abinci, zo ki ci."

"A'a Madam, na ƙoshi. Na gode."

"To shi ke nan."

Shi ke nan fa! Madam Katrin ta ɗauke farantin ta tura a firij, ta koma kan nata. Maijidda ta tsaya baki buɗe. Rabonta da abinci tun a jirgi. A ƙauyensu da ke gefen Minjibir, wa za a yi wa bismilla sau ɗaya ya zauna? Sai an faɗa sau uku, an haɗa ka da Allah, sannan ka matso kana cewa ai da an bar shi. A Jamus kuwa, in ka ce ka ƙoshi, to ka ƙoshi.

Ba son yawo ne ya kai ta ba. Shekarar da taki ya gagari talaka, Baba ya bar rabin gona ba shuka, Murja 'yar goggonta da ke aikin jinya a can ta samo mata gurbi: ta zauna da wani iyali shekara guda tana yi musu reno. Ta tafi ta bar Basiru, wanda danginsa sun riga sun kawo kayan sa rana, a kan in ta dawo a ɗaura.

Kwana uku tana "na ƙoshi", tana gaigayar ƙuli-ƙulin da Inna ta ƙulle mata. Rana ta huɗu jiri ya zaunar da ita a kan matakala, tana goye da Emil, jaririn gidan. Madam ta gigice.

"Kina jin yunwa kika ce kin ƙoshi? Don me?"

"Kunya, Madam..."

"Ki saurare ni. A gidan nan abin da mutum ya faɗa shi muke ɗauka. E, e ce. A'a, a'a ce."

Wuya makaranta! Kafin wata biyar Maijidda ta iya raba shara gida huɗu, ta san jirgin ƙasa ba ya jiran ko limami, har tana kallon babba tsakar ido tana neman gafarar Allah a zuci.

Wata Juma'a da la'asar tana tura Emil a kekensa, wayar Basiru ta shigo.

"Maijiddata... na ga hotunanki. Kin murje, kin yi kyau."

"Kai dai ba ka rabo da tsokana."

"Ba tsokana ba ce. Bana gyaɗar ma ba ta yi ba. In kin ga wanda ya fi ni a can, wallahi kada ki duba ni. Na yafe miki."

Gabanta ya faɗi. Ashe ya gaji da jira! Wata biyar ba ta ji wanda ya faɗi abin da ba shi yake nufi ba. Ta haɗiye kukan da ya taso mata.

"To. Na gode da ka faɗa mini gaskiya."

Ta kashe wayar. Ranar ko Emil sai da ya gaji da ganin hawayenta.

Kwana biyu sai ga kiran Inna, ko sallama babu.

"Ke Maijidda! Turan ce ta cinye miki hankali? Me kika yi wa ɗan mutane?"

"Ni kuma, Inna? Shi ya ce ya yafe..."

"Yo sai ki ce 'to'? Ni 'yasu! Yaro ya yi miki kara, yana jira ki ce masa haba, sai ki yi masa godiya? Ko fura ya kasa sha. Yau ɗin nan kawunsa Isyaku zai zo kwashe kayan sa rana, Babanki ko masallaci ya rasa fuskar fita!"

"Innalillahi!"

Sai a lokacin ta tuna farantin nan da aka tura a firij. Abin da aka yi mata har ta kusa suma, shi ta yi wa Basiru. Kunya da tsoro suka rufe ta, ta danna lambarsa. Sau huɗu kafin ya ɗauka. Yana gona, tana jin ƙarar karan dawa a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Basiru!"

"Na'am. Allah ya sa ya riƙe ki amana."

"Wa? Babu kowa! Wallahi babu kowa!"

"Ai ke kika ce 'to'."

"Kai ka ce ka yafe!"

"Haba Maijidda... kin taɓa ganin baƙo ya ce ya ƙoshi an ɗauke kwanon?"

"Na gani!" Kuka ya ƙwace mata. "Ni aka yi wa! Kwana uku ban ci abinci ba a ƙasar nan. Basiru, a nan na koyi faɗin magana yadda take, to ka ji. Ina son ka. Ko gyaɗa ta yi ko ba ta yi ba, kai nake so."

Tunda yake, mace ba ta taɓa faɗa masa haka baki da baki ba. Can ya yi gyaran murya.

"To... ni dai ba na so in takura miki. In kin ga dama..."

"Basiru, zan ce 'to' fa!"

"A'a! A'a, don girman Allah!" Har sai da ta janye wayar daga kunne. "Ban yafe ba! Ko ga wa ban yafe ki ba! Ki dawo, ina jiran ki!"

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"To maza ka tare Kawu Isyaku."

Bai ko kashe wayar ba. Tana ji ya yar da fartanya ya kwasa da gudu cikin karan dawa, yana ƙwala wa kawunsa kira.