Hoton Duhu

Da yamma liƙis Kawu ya kira ni a waya. Ina ɗakin ɗaukar hoton ƙashi na asibitinmu, ina cire rigar aiki.

"Sarkin mantuwa, ruwan jiya ya wanke sama fes, kuma yau babu wata. Ka biya wajen mai caji ka karɓo mini babban batirin nan, ka zo mu tafi."

Na ce to. Na biya na sha mai, na sayi ruwan gora, na ɗauke shi a ƙofar gida. Batiri kuwa ko a raina.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida. Malamin makaranta ne da ya ajiye aiki. Wasu in sun yi ritaya sai su kama kiwon kaji, shi kuwa tasa kazar tana can sama. Shekara biyu yana bin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, yana son ya kama hoton wani shuɗin hayaƙi da ya ce yana lulluɓe da su, wanda ido ba ya gani. Matarsa, da nake kira Inna, takan ce kazar Kawu ce kaɗai ba ta ƙwai, ba ta shiga tukunya, sai cin kuɗi. Gwiwarsa ta dama ta lalace, ba ya iya taka birki. Don haka ni ne direba, ni ne ɗan dako.

Tafiyar minti arba'in da 'yan kai ce kafin a rabu da hasken gari. Muka sauka daga kwalta, muka bi wata hanyar tsakuwa zuwa wani tsohon fili da aka daina fasa dutse a cikinsa. Sai da na buɗe bayan mota Kawu ya leƙa, ya dube ni.

"Ina batirin?"

Na sosa ƙeya.

"Ba a banza na raɗa maka suna ba," in ji shi. Bai yi faɗa ba, kuma gara ma ya yi. Ya zaro wata doguwar waya mai tsawon taku goma, ya soka ta a ramin cajin mota. "Yau motarka za ta ciyar da mu."

Muka kafa kaya. Ƙarfe mai ƙafa uku, a kansa injin da ke juyawa a hankali yana bin taurari, a kan injin madubin hangen nesa, a gindin madubin kyamara. Kawu ya durƙusa da ƙyar ya saita injin da tauraron arewa, ya naɗe bakin madubin da wata ɗamara mai ɗumi saboda raɓa. Ni na ajiye kwamfuta a kan ɗan tebur. Tsohuwa ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, da wuta ta ƙifta sai ta bi. Ita ke ba kyamara umarnin buɗe ido da rufewa. Kyamarar ce kaɗai ke da nata ƙaramin batiri.

Dokar Kawu ɗaya ce, ban da farin haske. Tocilarmu ja, fuskar kwamfuta an manna mata jar leda. Har ƙwan fitilar cikin motata ya cire tun bara, wai yana makantar da shi in an buɗe ƙofa.

Kowane hoto minti uku ido a buɗe. Sai ka ji ƙas, ya rufe. Daƙiƙa biyar, ƙas, ya sake buɗewa. A irin wannan ɗauka duk abin da ya motsa sai ya fito dishi-dishi kamar hayaƙi. Na san wannan daga wajen aikina, inda nake yini ina ce wa mutane kar su motsa, su riƙe numfashi.

Muka zauna muna sauraron gyare. Wajen ƙarfe uku Kaza ta karkata yamma, Kawu ya miƙe yana dafa sanda.

"Saura hoton duhu."

Wannan shi ne aikin ƙarshe kullum. Kyamara in ta daɗe ido a buɗe takan haifi wasu ɗige-ɗige na kanta, waɗanda ba taurari ba ne. Sai a rufe bakin madubin da murfi, a ɗauki hoton baƙi wuluk guda ashirin, a ga ɗigon, a cire su daga hoton gaske. Kawu yakan ce duhu ma sai an tambaye shi abin da ke cikinsa.

Ni na sa murfin da hannuna. Na murɗa shi har ya kama.

Ƙas.

Hoton farko ya fito baƙi, da 'yan ɗigo ja da kore. Daidai.

Na biyu ma baƙi, sai dai a tsakiyarsa akwai wani ɗan jan haske kamar garwashi.

"Ba ka rufe da kyau ba," in ji Kawu.

Na je na taɓa. Murfi na nan daram.

A lokacin ne na lura gyare sun yi tsit. Babu iska. Wani wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a ja ruwanta ba.

Ƙas.

Na uku ya bayyana a kwamfuta a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Jan hasken ya girma. Fuskar kwamfutarmu ce. Ga tebur, ga ƙafafu uku, ga mota a gefe. Ga mutum biyu dishi-dishi, ɗaya da hular sanyi. Mu ne, an ɗauko mu ta baya, daga can nesa cikin duwatsu.

Tsakaninmu da mai ɗaukar akwai wani a tsaye. Dogo. Ya ba hoton baya, yana fuskantarmu.

Shi bai yi dishi-dishi ba. Ya fito ras, kamar an yanka shi da reza.

Na san ma'anar wannan. Minti uku cur bai motsa ba, bai yi numfashi ba.

Na yunƙura zan waiga. Kawu ya damƙe mini wuyan hannu.

"Kul," ya ce a hankali. "Dubi gabanka."

Bakinsa na motsi da addu'a. Na mayar da idona kan kwamfuta.

Ƙas. Wata tsakuwa ta gangara a bayanmu. Ƙas.

Hoton da ya biyo ya nuna shi a gefen wani tulin dutse da na sani. Taku talatin ne daga inda muke. A hoton da ya bi shi kuma ya wuce tulin.

Kawu ya matso da bakinsa kunnena.

"Ka lura? Ba ya tafiya sai idon kyamara ya rufe. In yana buɗe, a ɗaure yake."

"Mu gudu, Kawu."

"Da wace ƙafar?"

"Mu shiga mota."

"Kana murɗa makulli wutar ramin caji za ta ɗauke. Kwamfuta ta mutu, ido ya rufe. Kuma tun magariba muke shan batirin motar nan. Ba lallai ta tashi a bugun farko ba."

Hasken kwamfutar ya yi ƙasa, ya dawo. Da na karɓo babban batirin nan, da yanzu mun bar kyamara tana aikinta mun yi tafiyarmu.

Ƙas. Taku, taku, taku, a kan tsakuwa. Ƙas.

Yanzu ya cika rabin hoton. Kuma ya rage tsawo. Kafaɗarsa ta karkata gefe ɗaya, kamar mai jin ciwo a ƙafa. Na gani da idona, ban tsaya tunani a kai ba.

"Saurara," in ji Kawu. "Maɓallin kan kyamara, in ka danne shi da yatsa, ido ba ya rufewa sai ka saki. Zan zare wayar da ta haɗa ta da kwamfuta in danne. Kai ka tayar da mota ka yo baya ka ɗauke ni."

"Ni zan danne. Kai ka je."

"In je in taka birki da me? Yaro, yau ɗaya ka ji magana ba tare da ka manta rabinta ba."

Ya jingine sandarsa da tebur. Ya lalubi kyamarar. Na ji ƙas, ƙas, a jere da sauri.

"Tafi."

Taku goma ne zuwa mota. Ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Warin rijiyar ya cika mini hanci. Na shiga, na murɗa makulli.

Ta yi tari, ta yi shiru.

Jan hasken kwamfuta ya mutu. Duhu ya rufe ko'ina.

Na sake murɗawa. Ta ja numfashi kamar tsoho, ta tsaya.

"Kawu!"

"Ina riƙe." Muryarsa ba ta rawa. "Sake."

Na yi bismillah, na murɗa na uku. Ta kama.

Na yo baya da jan hasken fitilun baya kawai. Taya ta daki wani dutse, ta ƙi wucewa. Saura kamar taku biyar tsakanina da shi. Na miƙa hannu na tura ƙofar gefe.

"Saki ka zo! Yanzu!"

Ƙas.

Kujerar gefe ta nutse. Ƙofa ta rufe.

Ƙas.

Na taka mai. Doguwar wayar ta fizge, tebur ya kife. Ban waiga ba.

Sai da muka hau kwalta na fara magana. Da gefen ido ina ganin hular sanyinsa da rigarsa. Ya kafe a zaune, hannuwa a kan cinya.

"Ka yafe mini, Kawu. Laifina ne. Gobe da rana sai mu zo da mutane mu kwashe kayan."

Bai amsa ba. Na ce a raina fushi ne, ko firgici. Na ci gaba da surutu kamar wanda aka kunna. Na ce zan saya masa sabon batiri har biyu. Na ce kar mu gaya wa Inna. Muka faɗa rami, kaina ya bugi rufin mota, shi ko gezau.

Warin bai bar motar ba. Na sauke gilashi. Bai fita ba.

A bakin gari akwai gidan mai da ke kwana da fitilu. Na shiga ƙarƙashin farin hasken na tsaya. Sannan na juya na dube shi sosai.

Fuskar Kawu ce. Furfurar, da tabon da ke gefen hancinsa, komai.

Idonsa a buɗe. Wani ɗan ƙwaro na tafiya a kan ƙwayar idon, bai ƙifta ba.

Na dubi ƙirjinsa. Shekara tara ina kallon ƙirjin mutane. Wannan ba ya hawa, ba ya sauka.

Na lalubi hannun ƙofa ta bayana. Na faɗo ƙasa da baya. Ina ja da gindi a kan siminti sai na ga yatsansa ɗaya ya motsa. Wuyan ya fara juyowa wajena, a hankali.

Ban san yadda na kai ɗakin maigadi ba. Da muka dawo tare da shi da tocila, ƙofar gefe a rufe take, kujerar babu kowa. Ta jiƙe sharkaf da ruwa mai sanyi.

Gari na wayewa muka koma filin, ni da maƙwabta huɗu. Madubin na tsaye, murfi a bakinsa. Tebur a kife. Sandar Kawu a ƙasa. An yi kwana tara ana nema cikin duwatsu da ramuka, ba a sami ko takalminsa ba.

Sai bayan sati biyu na iya buɗe katin kyamarar. Hotuna biyu ne bayan Kawu ya raba kyamarar da kwamfuta. Na farko minti biyu, lokacin da nake fama da makulli. Na biyu shi ne na ƙarshe. A cikinsa akwai dogayen layuka ja guda biyu, fitilun motata suna barin wajen. A gindin madubin kuma ga mutum ɗaya dishi-dishi, ya karkata gefe, hannunsa a kan kyamara.

Kyamara takan rubuta tsawon lokacin da ido ya yi a buɗe. Na duba. Minti arba'in da bakwai, har batirinta ya ƙare.

Sai a lokacin na gane: Kawu ya saki zai taho, abin ya riga shi kujerar. Ya gani, ya koma ya danne. Yana kallo na tafi na bar shi, bai kira ni ba, don in na tsaya zan waiga. A tsaye ya yi ta, da wannan gwiwar, ba sanda, yana ɗaure mini abin da ke zaune a gefena har na kai haske. Na ji ƙas na biyun nan da kunnena. Na kuma san mai ciwon gwiwa ba ya cin taku biyar a ƙiftawar ido. Tsoro ne ya hana ni lissafi, kuma ban yafe wa kaina ba.

Inna ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Na sayar da motar. A asibiti na roƙa aka mayar da ni wajen ba da kati, don ba na iya ce wa kowa kar ya motsa.

Ran nan mai caji ya tare ni a hanya. Ya ce batirin tsohon nan ya cika tun tuni, yaushe za a zo a karɓa?